Yadda ake kiwon kifin altum a gida ba tare da ya mutu a makon farko ba

Sau uku ina ganin mutum ya kashe kuɗi ya sayo altum, wani kifin ado da ake kiwo a tankin gilashi, kafin kwana goma tankinsa ya koma fayau. Ni ma haka ta faru da ni: na sayo shida, huɗu suka tafi a dare ɗaya. Abin da ya kashe su ruwa ne, don haka a kan ruwan zan fi tsayawa.

Da farko tabbatar altum aka sayar maka. Asalinsa kogunan Orinoko da saman Riyo Negiro ne, a Benezuwela da Kolambiya da arewacin Brazil. Sau da yawa abin da ake tallatawa da sunansa ɗan'uwansa ne scalare, wanda ya cika kasuwa kuma ya fi arha nesa ba kusa ba. Duba saman hancinsa: altum na gaskiya yana da lotsawa sosai tsakanin baki da goshi, jikinsa kuma dogo ne daga sama zuwa ƙasa. Babba yakan kai santimita 38 daga ƙarshen fiffiken sama zuwa na ƙasa. Wannan tsayin shi ya sa tankin da bai kai santimita 60 a tsaye ba ba na altum ba ne. Ni 70 nake so, da lita 400 ko fiye, domin a garke suke rayuwa, biyar ko shida. Kada ka sayi biyu don rage kuɗi, babban zai matsa wa ƙaramin har ya daina ci.

Yanzu ruwan. Inda suka fito ruwan baƙi ne kamar shayi, saboda ruɓaɓɓen ganye, yana da tsami sosai, kuma kusan babu gishirin ma'adinai a cikinsa. A wasu wuraren pH ɗinsa, wato lambar da ke nuna tsamin ruwa (ƙaramar lamba, tsami mai yawa), yana ƙasa da 5. Ruwan burtsatse sau da yawa akasin haka yake, na famfo kuma ga sinadarin kulorin. Sayi na'urar tace ruwa ta RO, mai cire gishirin ma'adinai, da ma'aunin pH da na TDS, wato yawan abin da ya narke a ruwa, tun kafin ka sayi kifin. Eh, kuɗi ne, amma bai kai kuɗin kifi huɗu ba. Ni ina riƙe pH tsakanin 5.5 da 6.2, TDS ƙasa da 80, zafi kuma digiri 28 zuwa 30. Jefa busasshen ganyen katappa (itacen almon na Indiya) da guntun itacen da aka jiƙa ya nutse, za su ba ruwan launi su kuma kwantar wa kifin hankali.

Ga kuskuren da na yi. Kwana biyar da zuwansu na ga ruwan ya ɗan gurɓace, ruwan RO kuma ya ƙare, sai na kwashe rabi na cika da na burtsatse. Abin da ban sani ba a lokacin: a ruwa mai tsami, dattin da kifi ke fitarwa yana zama a siffar da ba ta cutarwa sosai, ƙwayoyin bakteriyar da ke cinye shi a cikin filtar tankin kuma aikinsu yana raguwa, sai ya taru. Da ka ɗaga pH farat ɗaya, wannan tarin ya koma amoniya mai guba. Da asuba na tarar da su a saman ruwa suna haki. Saboda haka doka ta ita ce: kada canjin ruwa ya wuce kashi ɗaya cikin biyar a lokaci guda, sau biyu a mako, kuma sabon ruwan ya kwana a durom da hita, ka auna shi ya yi daidai da na tanki kafin ka zuba. Ranar da ka kawo su ma haka ne. Tambayi mai sayarwa pH ɗin ruwansa, ka daidaita naka da shi, daga baya ka riƙa sauke shi kaɗan-kaɗan cikin makonni. Filtar kuwa ta yi aƙalla wata guda tana aiki kafin kifi ya shiga.

Waɗanda aka kamo daga kogi ba su san cututtukan tanki ba, musamman kolumnaris mai sa farin tabo a baki da jiki, wadda ke kashewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Keɓe su su kaɗai na mako huɗu zuwa shida. In ka samu waɗanda aka haifa a tanki, ɗauki su, sun fi juriya.

Wuta ma lissafi ce. In an ɗauke ta a daren hunturu hita da filta duk sun tsaya, don haka in ba ka da inbata ko sola, jinkirta sayen.

Abinci: daskararriyar jar tsutsa da ƙananan jatan lande, kaɗan sau biyu a rana, sannan a hankali ka saba musu da na gwangwani. Kada ka haɗa su da ƙananan kifaye irin neon, za su zama kalaci. Rage hasken fitila, ka ajiye tankin inda yara ba sa giftawa a guje, don in suka firgita gilashi suke karo da shi. Maganar hayayyafa kuwa bar ta sai sun shekara a hannunka.