Yadda Mai Ciwon Dindindin Zai Shirya Karɓar Riƙon Yaro

A Katsina da Daura riƙo ba baƙon abu ba ne. Magidanci ya rasu ya bar ƙananan yara, dangi su zauna bayan addu'ar arba'in su raba su tsakanin baffanni da gwaggwanni, kuma sau da yawa wanda aka miƙa wa yaro yana fama da ciwon suga, ko hawan jini, ko sikila, amma kunya ta hana shi faɗin halin da yake ciki. Ciwo ba ya hana riƙo, sai dai yana wajabta shiri tun kafin yaron ya shigo gida.

A fara da likitan da ke duba mutum, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ne ko a asibitin Daura, a gaya masa niyyar a fili, a kuma nemi shawararsa kan shekarun yaron da jiki zai iya ɗauka. Jariri yana buƙatar goyo da tashin dare, abin da ke wahalar da mai hawan jini ƙwarai, alhali ɗan shekara bakwai da ke zuwa makaranta da ƙafarsa nauyinsa daban ne.

Abu mafi muhimmanci a ganina shi ne samun wanda zai tsaya wa yaron ranar da ciwo ya tashi. Mai sikila ya san yadda sanyin hunturu ke iya kwantar da shi asibiti cikin dare ɗaya, kuma a irin wannan dare babu lokacin neman wanda zai kwana da yaro. Saboda haka a zaɓi mutum ɗaya takamaimai, ƙanwa ko yaya ko amintacciyar maƙwabciya, a nemi amincewarta a gaban manyan gida, a sanar da ita makarantar yaron da Islamiyyarsa da inda katin rigakafinsa yake, sannan a riƙa kai mata shi yini lokaci zuwa lokaci domin su saba. Kalmar "dangi suna nan" ba ta wadatar ba, domin idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Magunguna a ajiye su a akwati mai makulli, musamman na suga da na hawan jini, waɗanda kaɗan daga cikinsu ke iya jefa ƙaramin yaro cikin haɗari. Cuta mai karya garkuwar jiki ba ta yaɗuwa ta cin abinci a kwano ɗaya ko kwana a ɗaki ɗaya. Mai ciwon hanta nau'in B kuwa ya tabbata an yi wa yaron rigakafi, kuma kada a haɗa reza ko buroshin haƙori. Matar da ke son shayar da jaririn domin ya zama muharraminta ta fara tuntuɓar likita tukuna.

Kada a mayar da yaron ɗan jinya. Ya dace a koya masa cewa idan ya ga Gwaggo tana zufa da rawar jiki ya ruga ya kira babba, amma bai dace yarinya ta bar aji domin daka da wanki da talla ba.

Suratul Ahzab ta umarci a kira yaro da sunan mahaifinsa, kuma riƙo ba ya sa ya gaji mariƙinsa, don haka mai son bar masa wani abu ya rubuta wasiyya da ba ta wuce sulusin dukiyarsa ba, da shaidu. Dukiyar da maraya ya gada kuma a rubuta ta daban, kada ta cakuɗu da kuɗin magani. Idan yaron daga gidan marayu zai fito, a bi ta Ma'aikatar Harkokin Mata ta jiha, a bayyana ciwon tun farko, a kuma adana takardun a inda wadda aka zaɓa ta tsaya wa yaron ta sani.