Yadda Ake Gano Hamonik a Wutar Gini Kafin Nutural Ta Ƙone

A wani gidan haya a Jidda na taɓa buɗe akwatin wuta, na tarar rigar wayar nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, ta yi baƙi tana ƙauri, alhali lodin layuka ukun daidai yake. Aikin hamonik ne.

Wutar Saudiyya tana kai da komowa sau 60 a daƙiƙa, wato hez 60, ba 50 ba irin ta Najeriya da Sudan. To caja, kwamfuta, ƙwan LED da mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) mai inbata, wato na'urar da ke sarrafa gudun injinsa, ba sa shan wuta sannu a hankali, fizgarta suke yi. Fizgar nan ce ke haifar da 'yan igiyoyi a bayan uwar igiya, su ne hamonik: ta uku a hez 180, ta biyar 300, ta bakwai 420. Lissafin rarrabe su na Bafaranshen nan ne Joseph Fourier, amma yau mita ke yi maka.

Da farko nemi mita mai maƙalewa da ke nuna hamonik, ko aro ne. Mai arhar nan ta aljihu wadda ba ta da True RMS, wato awon ainihin ƙarfin wuta ko da igiyarta ta karkace, karatun ƙarya za ta ba ka a irin wannan wuta. Ka duba ta ɗauki 60 a matsayin uwa. Yaranmu da suka koyi aiki a Kano nan suke yawan tuntuɓe.

Sai ka zaɓi lokaci. Bayan Azahar, da zafi, kowane ɗaki mukayyif na aiki. Awon sanyin safiya ɓata lokaci ne.

Sa safar hannu, ka maƙala mitar a waya ɗaya tak, layi bayan layi, sannan nutural. Buɗe shafin hamonik, za ka ga sanduna a jere, ka rubuta amfiyar kowacce.

Ga lissafin da ake kira THD, wato jimlar hamonik idan an gwada ta da uwar igiya. A ce uwa amfiya 50 ce, ta uku 12, ta biyar 5. Ninka kowacce da kanta: 144 da 25, jimla 169, saiwarsa 13. Raba 13 da 50, ka sami kashi 26 cikin ɗari. Amma ka ƙura wa 12 ɗin nan ido. Uwayen igiyoyin layuka uku suna kashe juna a nutural, ta uku kuwa taruwa take yi: 12 sau uku, amfiya 36 a wayar da ake zaton hutawa take. Idan ta biyar da ta bakwai ne suka yi tsawo, leƙa inbatar lif ko ta famfon ruwa.

Ka auna bolt ma. Ƙa'idar injiniyoyin lantarki mai suna IEEE 519 ta tsayar da iyakar THD na bolt a kashi 8 ga wutar da ba ta wuce bolt 1,000 ba.

Magani ya danganta da sandar da ta fi tsawo. Ta uku, ƙara wa nutural kauri. Ta biyar, sa riyakto (naɗin waya mai rage fizgar wuta) ko matatar hamonik a gaban inbata. Kada ka yi gaggawar jona kafasito (na'urar da ke tara caji) zalla, don yana iya haɗa baki da ta biyar ya kumbura cikin akwatin.