Yadda na gyara hoton tsohon akwatin gem

Akwatin gem ɗin Street Fighter II ɗin nan da na sayo a Sabon Gari, sauti na fita lafiya amma hoto sai birgima yake, can kuma ya tsuke ya koma layi ɗaya a kwance. Birgimar dai wayar sync, mai tsayar da hoto wuri ɗaya, ce ta yi tsatsa a soket ɗin JAMMA da ke haɗa bod ɗin gem da akwatin, ina gogewa ya tsaya. Layin ne ya sha min kai, ashe kafasito ne suka kumbura a ɓangaren vertical, mai buɗe hoto daga sama zuwa ƙasa, ga dalma duk ta tsattsage, na canza su na sake narka ta. Don Allah kafin ka taɓa bayan tub ɗin, wato kwalbar allon hoton, ka sauke wutar cikinsa, ko an zare filogi tana nan, wallahi kayar da mutum take. Monitar kwamfuta kuwa kar ma ka gwada sa ta a madadin tub ɗin, siginar hoto ta 15kHz bod ɗin yake bayarwa, ita ta 31kHz take so.