Farautar barewa a Amurka: lasisin ɗan jiha da na baƙo ba kuɗi ɗaya ba ne

Duk shekara idan kaka ta shigo, ganye ya fara zuba, sai wani ɗan'uwa da bai daɗe da sauka ba ya same ni da maganar farauta. Ko dai abokin aikinsa ne ya gayyace shi daji, ko kuma ya gaji da ganin barewa tana tsallaka masa titi da asuba, jinin maharba ya motsa. Ba na hana kowa. Barewar nan mai farar wutsiya ta fi tamu ta gida jiki, guda ɗaya takan cika firiza, iyali su yi watanni suna ci. Sai dai nakan ce a zauna a yi lissafi tukuna, domin dajin nan ba irin wanda muka baro ba ne, inda da an gama girbi sai a buga ganga a kira karnuka a fantsama.

Babu lasisin farauta guda da ya game ƙasar. Kowace jiha da hukumarta ta namun daji, da dokarta, da farashinta, kuma kowace tana sayar da lasisi kala biyu: na ɗan jiha da na baƙo. Kalmar baƙo a nan ba ruwanta da fasfo. Ba'amurken da aka haifa a Chicago, idan ya tuƙa mota ya shiga Wisconsin, baƙo ne. Kai kuwa da ka zo daga Zariya ko Maraɗi, in dai zamanka a Milwaukee, birnin da ke Wisconsin, ya tabbata bisa ƙa'ida, ɗan jiha ne a wurinsu.

Tazarar da ke tsakanin farashin biyu ita ke firgita mutane. A Wisconsin ɗan jiha na biyan dala 24 don harbin barewa da bindiga, kuma kuɗin bai motsa ba tun 2005. Baƙo kuwa da can dala 160 yake biya, kasafin kuɗin jihar na 2023 ya ɗaga shi zuwa dala 200. A Pennsylvania ɗan jiha na ba da kimanin dala 21, baƙo kimanin 102. A Texas dala 25 ne da dala 315. Iowa, wadda ta yi suna da manyan barewa masu ƙaho, ta fi su tsanani: baƙo zai kashe sama da dala 600, kuma kuɗinsa kaɗai ba ya ba shi, sai ya shiga ƙuri'a, wani ya shekara uku ko huɗu yana jira. Farashin nan yana canjawa, don haka ka duba littafin dokokin da hukumar jihar ke fitarwa kowace shekara kafin ka zaro kati.

Dalilin ƙarin ba ɓoyayye ba ne. Hukumomin nan da kuɗin lasisi suke rayuwa, sai kuma rabon da gwamnatin tarayya ke ba su daga harajin bindiga da harsashi a ƙarƙashin dokar Pittman-Robertson ta 1937. Albashin masu tsaron daji da kuɗin kula da filaye suna hawa, maharba kuma sun ragu idan aka kwatanta da shekarun 1980. Ɗan majalisar jiha da zai cike giɓin ya san ɗan jiha na da ƙuri'a, baƙo ba shi da ita, sai nauyin ya faɗa kan baƙo. An taɓa kai ƙara kan haka, amma a 1978 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Baldwin da hukumar namun daji ta jihar Montana cewa jiha na da ikon tsawwala wa baƙi. A ganina akwai rashin adalci a ciki ga talaka mai neman nama, tunda mai kuɗi da ke neman ƙahon ratayawa a falo ko a jikinsa. Amma doka ce, kuma ta zauna.

A nan ne nake jin tsoro ga 'yan'uwanmu. Mutum ya ga bambancin dala ɗari biyu ko uku, sai wani ya ce masa ai rubuta adireshin yayanka da ke can, wa zai sani. Don Allah kada ka yi. Ƙarya a kan wurin zama laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa, a ci shi tara, a ƙwace nama, wani lokaci har da bindigar. Jihohin sun yi yarjejeniya a tsakaninsu, in an dakatar da kai a ɗaya, sauran ma su rufe maka ƙofa. Ɗan ƙasa zai biya tara ya koma gida. Kai da takardunka ke hannun hukumar shige da fice, ranar da za ka nemi zama ɗan ƙasa za a tambaye ka tarihinka, kuma ba ka son wannan ya fito a ciki saboda cinyar barewa. Haƙurin ma ba mai tsawo ba ne. Wisconsin da Pennsylvania kwana 30 na zama a jihar suke nema, Minnesota kwana 60, Texas wata shida. In ka cika, ka canja lasisin tuƙinka zuwa na jihar, ka sayi na ɗan jiha da kuɗin da bai kai na buhun shinkafa ba.

Maganar bindiga kuma ta tarayya ce. Mai katin zaman dindindin na iya mallaka. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara ko ta aiki, doka ta hana shi riƙe bindiga da harsashi, sai in ya faɗa cikin wasu keɓantattu, ɗaya daga ciki shi ne yana da lasisin farauta mai aiki. Wato lasisi ke gaba, bindiga ta biyo baya, kuma ranar da lasisin ya ƙare kariyar ta ƙare. Wanda ba shi da takardun zama kuwa, ko aro kada ya karɓa.

Yawancin jihohi ba za su sayar maka ba sai ka nuna shaidar kwas na koyon farauta. A Wisconsin ya wajaba kan duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairu 1973, a Texas daga 2 ga Satumba 1971. Ko kai jikan Sarkin Baka ne sai ka zauna ajin, kuma shaidar jiha ɗaya tana aiki a sauran. A can za a koya maka sa riga mai ruwan lemo mai ƙyalli don kada wani maharbi ya ɗauke ka dabba, da neman izinin mai gona kafin ka taka filinsa. A Texas kusan duk ƙasar ta masu zaman kansu ce, kuɗin hayar wurin farauta yakan ninka na lasisi.

In Allah ya ba ka sa'a, ka ambaci sunansa lokacin harbi, in ka tarar da ita da rai ka yanka. Sauran hukuncin ka tambayi limamin masallacinku. Ka yi rajistar abin da ka kashe a kan lokaci. A Wisconsin kafin ƙarfe biyar na yammacin washegari. Akwai wata cutar ƙwaƙwalwa da ke kama barewa, ana kiranta CWD, an gano ta a Wisconsin a 2002, saboda ita jihohi da dama suka hana tsallaka iyaka da kai ko ƙashin baya, sai tsokar da aka feɗe. Ka kai a gwada, in an samu cutar kada a ci. Naman kuma na gida ne da maƙwabta da sadaka. Ka yi kilishi, ka yi dambu, ka aika wa abokai, amma kada ka sayar ko da tsinke ɗaya na tsire, domin cinikin naman dajin da aka harbo haramun ne a dokar kusan duk jihohinsu.