Inda Sanyi Ya Haɗu Da Bushewa: Shawara Ga Sababbin Zuwa

Wanda karatu ko aiki ya kai shi Astana ta Kazakhstan, Urumqi ta China, Konya ta Turkiyya ko Ulaanbaatar ta Mongoliya, da shirin sanyi yake sauka: rigar sanyi, safa, hula. Bushewa kuwa ba ta cikin lissafinsa, alhali ita ke fara taɓa jiki. Kafin mako ya zagayo leɓe ya tsattsage, ƙafa ta yi faso, hanci na haɓo da asuba, har mutum ya zaci wata cuta ce ta kama shi.

Waɗannan wurare ruwan sama bai wadace su ba. Ulaanbaatar ba ta samun milimita 300 a shekara. Sannan iska mai sanyi ba ta riƙe danshi da yawa. Iskar da za ta ɗauki giram 30 na ruwa a digiri 30, giram 5 kacal take ɗauka a sifili, idan aka kai digiri 20 ƙasa da sifili sai kusan giram 1. Wannan iskar ce ke shigowa ɗakinka, hita ta ɗumama ta ba tare da ƙara mata ko ɗigo ba, sai ta koma zuƙe danshi daga fatarka da maƙogwaronka. Shi ya sa, a ganina, ɗakin kwana ya fi titi wahalar da baƙo. Ka taɓa mariƙin ƙofa ka ji ya ja ka kamar wutar lantarki? Bushewar ce.

Ka nemi na'urar sa danshi a ɗaki, ka bar ma'auninta tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. In babu hali, shanya jiƙaƙƙen tawul a ɗakin ma yana ragewa. Ka gajarta wanka, ruwan kada ya cika zafi, ka shafa mai mai kauri tun jiki bai gama bushewa ba. Ruwan sha kuma kada ka jira ƙishirwa, don sanyi yana danne ta. Fitsari idan ya yi duhu, ka san ka makara.

Kada ranar tsakar rana ta ruɗe ka. Busasshiyar ƙasa, ga sama babu gajimare, da magariba ta yi zafin ya gudu. Ka riƙa jera kaya hawa-hawa yadda za ka iya tuɓe wani, na cikin kuma kada ya zama auduga, tana riƙe gumi ta sanyaya ka. Ulu ya fi.

Akwai wanda ba a wasa da shi. Komai tsananin dare, kada ka shigar da gawayi ko murhun gas ɗakin da ke rufe don jin ɗumi. Gubar da suke fitarwa ba ta da wari, cikin barci take kashewa. In kai ya fara sarawa ana jin jiri, a buɗe taga, kowa ya fita waje, a kira motar asibiti.