Darasi na Bakwai: Rainon Tsirran Gida a Garuruwan Sanyi na Saudiyya

Bahaushen da ya zauna a Makka ko Jidda yakan ɗauka cewa duk ƙasar Saudiyya zafi ne, amma wanda aiki ko aure ya kai shi Ɗa'ifa, ko Abha, ko Tabuka, ya san ba haka abin yake ba. Ɗa'ifa tana kan tsauni mai tsawon kimanin mita 1,800, Abha kuwa ta haura mita 2,000, a Tabuka kuma sanyin dare yakan sauka har ƙasa da sifiri, ƙanƙara ta rufe dutsen Jabalul Lauz. Zogale da kuɓewa da yakuwa da gwanda, waɗanda muka saba gani a bayan gida a ƙasar Hausa, tsirran ƙasar zafi ne, kuma ba su san wannan yanayi ba. Duk da haka ana iya rainon su, muddin an gane inda sanyi yake kama su.

Lokacin da ya fi haɗari shi ne wanda mutanen ƙasar nan suke kira Murabba'aniyya, wato kwana arba'in da suke farawa a farkon Disamba. A cikinsa, daren da ya fi cutar da shuka shi ne wanda sama ta yi tas babu gajimare, iska kuma ta tsaya, domin ɗumin da ƙasa ta tara da rana yana tashi ya tafi ba tare da wani abu ya tare shi ba. Da safe sai ka tarar ganyen zogale ya yi laushi kamar an zuba masa ruwan zafi, kafin azahar ya yi baƙi.

A nan ne mutane da yawa suke yin asara, don suna ganin ganye ya mutu sai su tumɓuke shukar. Ran zogale yana cikin saiwarsa mai kauri, kuma idan sanyi bai kai gare ta ba, zai sake toho da zarar ɗumi ya dawo. Saboda haka a sare shi tun kafin sanyi ya yi tsanani, a bar kututture kamar tsawon kamu biyu, a tara busasshiyar ciyawa ko ganye a gindinsa, a rufe da buhu. Mafi sauƙi kuwa shi ne a shuka shi a babban bokiti mai huji a ƙasa, wanda za a iya jan sa zuwa cikin ɗaki kusa da taga.

Batun ruwa yana bukatar kulawa ta musamman. A lokacin sanyi shuka ba ta shan ruwa sosai, kuma ƙasa mai sanyi da ta jiƙe sharkaf tana ruɓar da saiwa, musamman ta gwanda, wadda sau da yawa yawan ban ruwa ne yake kashe ta kafin sanyin kansa. A tura yatsa cikin ƙasar, idan da danshi a ƙyale ta, idan ta bushe a ba ta kaɗan da hantsi. A haɗa ƙasar da yashi da ruɓaɓɓen taki domin ruwa ya riƙa wucewa.

Wurin ajiya shi ne jikin katangar da ta fuskanci kudu, domin a lokacin sanyi rana tana karkata ta wannan ɓangare, katangar ta sha zafi da rana ta sake shi da dare. Jarkoki cike da ruwa a gefen shuka su ma suna yin wannan aiki. Idan za a rufe da leda, a kafa sanduna don kada ta taɓa ganye, a sauke ta har ƙasa kafin magariba, a kuma buɗe da safe.

Kuɓewa da yakuwa ba sa bukatar wannan wahala, tunda ba sa wuce shekara, abin da suke so shi ne a san lokacin shuka. Irin kuɓewa ba ya tsira da kyau sai ƙasa ta kai ɗumin digiri 20, don haka a jiƙa shi kwana ɗaya, a fara shi a ƙananan kofuna cikin ɗaki, a fitar da shi bayan sanyi ya wuce. Yakuwa kuwa ba ta fure sai yini ya fara gajarta, wajen Oktoba, don haka mai son zoɓo ya shuka ta da wuri don ta yi ƙarfi, ya kuma tanadi abin rufa mata idan sanyi ya riga 'ya'yanta nuna. Mai son ganyen miya kawai zai fara tsinka tun tana da wata biyu.