Awon nisan harbi a Warhammer 40,000: inda 'yan wasa suka fi yin kuskure

Yawancin gardamar da ke tashi a teburin Warhammer 40,000, wasan yaƙin nan na 'yan mutum-mutumi da kamfanin Games Workshop na Nottingham a Ingila ya fitar a 1987, ba ta wuce ta rabin inci ba. Ga inda ake tuntuɓe.

Babban kuskuren shi ne ɗora tef ɗin awo a bakin bindiga. Hankali yakan ba mutum haka, tunda daga nan harsashi ke fita, amma doka ba ta san da wannan ba. Kowane soja yana tsaye ne a kan ɗan faifai, kuma daga gefen faifan mai harbi ake aunawa zuwa gefen faifan wanda za a harba, ta inda suka fi kusa da juna. Ina goyon bayan wannan doka sosai. 'Yan wasa ne ke haɗa sojojinsu da gam, wani ya miƙe wa nasa hannu gaba, wani ya rataya masa bindiga a kafaɗa. Da daga bindiga ake awo, da wanda ya miƙe hannun ya ci ribar da bai biya ba. Faifan sojoji iri ɗaya kuwa girmansa ɗaya ne.

Wasu kuma daga tsakiyar faifai suke aunawa zuwa tsakiyar ɗayan, su cuci kansu. In faifan biyu masu faɗin milimita 32 ne, ka ƙara wa kanka milimita 32 ke nan, alhali inci ɗaya milimita 25.4 ne. Ka zubar da fiye da inci guda a banza.

Tsofaffin hannu ma ba su tsira ba, sai dai nasu tsohon sabo ne. A bugu na biyar na littafin dokokin wasan, na 2008, daga bakin bindigar tanka ake auna nisa, kuma ba a yarda ka auna kafin ka faɗi wanda za ka harba ba. Bugu na shida na 2012 ya ba da damar awo a duk lokacin da ka ga dama, na takwas na 2017 kuma ya mayar da awon tanka marar faifai kan gangar jikinta. Don haka kafin a jera sojoji ku tabbatar da bugun da kuke bi. 

Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne auna soja ɗaya a ce duk rundunar ta kai. Ka ga mutum da sojoji goma jere a bayan kango, ya ɗora tef a kan na gaba, ya kwashi dayis, 'ya'yan lidon da ake jefawa a ga ko harbi ya samu, cike da hannu. A'a. Kowane soja da nasa awon, kuma dole yana hango abokin gaba. Bindigar lasgun inci 24 take kaiwa, tana ƙara harbi ɗaya in nisan bai wuce inci 12 ba. Sau da yawa sai ka tarar huɗu ne ke cikin 12, sauran shida harbi ɗai-ɗai ne nasu.

In abokin gaba yana saman bene, a karkace ake jan tef daga faifai zuwa faifai, ba a shimfiɗe a kan tebur ba. Kuma kada ka riƙe tef can sama kana leƙowa daga gefe, ido zai yaudare ka. Sauke shi dab da faifan, ka duba daga sama tsaye.

In nisan ya zo kan gaɓa, kira abokin wasanka ya duba da idonsa, ku amince tun dayis na hannu. Bayan sun faɗi, kowa ya riga ya san abin da yake so tef ya nuna.